Hayaƙi a Gaɓar Sandvika

Tromsø, 3 ga Mayu, 2011

Kawu Oddvar,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da gwiwar nan taka da ba ta jin magana. Yaya tarin? Maƙwabciyarka Borghild ta ce mini har yanzu kana fita teku kai kaɗai, wai in ta yi magana sai ka ce ta je ta ji da tumakinta. Ni lafiyata ƙalau, ban da ciwon baya irin na mai yawan tsayuwa. Na san ka tsani waya, shi ya sa na nemo takarda da biro kamar mutanen da.

Bana ma na koma jirgin masu yawon buɗe ido, shekara ta shida ke nan. Aikin bai canja ba. In ɗebi baƙi a kwalekwalen roba, in nuna musu tsuntsaye da duwatsu, in ba su labarin ƙauyukan da muke wucewa. Abin da ya canja shi ne hanya. Ranar ashirin da biyu ga Yuni jirginmu zai wuni a tsibirin Ramsøy. Da safe za mu zagaya tsibiran tsuntsaye, da rana mu sauka Nordvik inda kake zaune, da la'asar mu bi ta bayan tsibiri mu wuce gaban Sandvika, tsohon ƙauyenku. In teku ta kwanta kyaftin yakan yarda a sauke kwalekwale duk inda muka roƙa.

Kawu, a kowace tafiya ina ba baƙi labarin kogonku, yadda Mama ta ba ni shi. Yadda sojojin Jamus suka ƙone Sandvika a kakar 1944, suka ce kowa ya hau jirgi a kai shi kudu, ku kuma kuka ƙi, kuka hau dutse kuka ɓuya har wata uku cikin duhu da ƙanƙara. Nakan rufe da cewa mutum goma sha ɗaya suka shiga kogon nan, goma sha ɗaya suka fito. A nan suke tafawa. Wasu har da hawaye.

Tun da Mama ta rasu, kai kaɗai ka rage a cikin waɗanda suka kwana a can. Shi ne nake roƙonka, ko za ka yarda in kawo maka baƙin nan su gan ka, ko da na rabin awa ne? Ba sai ka yi dogon jawabi ba. Kuma kada ka ce don baƙi kawai na tuna da kai. Na sani, tun ranar jana'izar Mama ban sake taka Ramsøy ba, shekara biyu ke nan. Kunya ce ta yi ta taruwa har ta fi ƙarfina.

Ka aiko amsa ofishinmu na Tromsø, za su miƙo mini.

'Yarka,
Jorid

Ramsøy, 16 ga Mayu

Jorid 'yata,

Takardarki ta iso lafiya, ina amsa gaisuwa. Tari ya tafi da sanyi. Gwiwa tana nan, ta fi rediyo sanin lokacin da iska za ta juya. Borghild kuwa, bakinta ya fi jirgin wasiƙa sauri, kada ki riƙa sayen duk abin da ta kawo. Akwatin nan da nake kwana a ciki, wai shi ɗaki, ya fara yoyo ta wajen bututun hayaƙi, na hau na toshe. Kifi ya yi kyau bana, ya bushe ba tsutsa.

Maganar baƙinki, kwana uku ina juya ta. Ni ba tsuntsu ba ne da za a zo a ɗauki hotona. Amma ki zo da su. Zan jira ku a gida, zan ɗora gahawa. Akwai abin da ya kamata in nuna miki tun uwarki tana da rai, ban yi ba. Su su zauna su sha gahawarsu, ke ki biyo ni. Ki sa takalmi mai kyau.

Batun kunya, ki bar shi. Ni ma ban taka Tromsø ba.

Kawunki,
Oddvar

A cikin jirgi, 24 ga Yuni

Kawu,

Ina gaisuwa. Ina fata kana lafiya, kuma na tabbata kana lafiya, tunda mara lafiya ba ya tayar da inji da ƙarfe shida na safe. Ni ma lafiya. Na bar kwana biyu su wuce kafin in rubuto, don kada in rubuta abin da zan yi da-na-sani.

Bari in ba ka labarin ranar, tunda ba ka so ka gan ta da idonka ba.

Gari ya waye da kyau irin wanda ba mu samu ba duk makon. Teku kwance kamar madara a kwano. Ƙarfe takwas muka sauke kwalekwale shida muka nufi tsibiran tsuntsaye. Dutsen ya cika maƙil, tsuntsayen nan masu jan baki suna dawowa da ƙananan kifi jere a baki, kukansu har ba ka jin na kusa da kai. Mikiya ta sauko ta ɗauke ɗaya a gaban idonmu, wata mata ta yi salati da yarensu ta rufe fuska. Daga nan muka shiga mashigin teku, har ciki inda duwatsu suke matsowa kamar za su haɗe, na kashe inji don su ji ƙarar ruwan da ke zubowa daga sama. Wani dattijo ɗan Kanada ya tambaye ni wai mutane sun taɓa zama a irin wannan wuri? Na ce masa, "Ka bari zuwa rana, zan haɗa ka da ɗaya daga cikinsu. Kawuna ne." Da bakina na faɗa, Kawu, ƙirjina a buɗe.

Sha biyu muka sauka kwatar Nordvik, inda jiragen ruwa ke tsayawa. Na ja mutum arba'in da biyu a bayana, muka bi ta rumfunan shanya kifi, suna toshe hanci suna ɗaukar hoto. Muka wuce shago, muka wuce coci. Ban ko tsaya wajen kabarin Mama ba, na ce sai na dawo tare da kai. Har takalmi mai kyau na sa kamar yadda ka ce, baƙin takalmin nan na zuwa biki, yana ta cin diddigena a kan tsakuwa.

Muka iso ƙofarka, sai ga tsintsiya a jingine. Ka san ko yaron goye a Ramsøy ya san ma'anar tsintsiya a jikin ƙofa, ba kowa a ciki. Duk da haka na ƙwanƙwasa. Na leƙa taga. Murhu a kashe, ba ko ƙamshin gahawa.

Borghild ta leƙo ta kan shinge, hannunta duk gari.

"Wa nake gani kamar Jorid? Ke da wannan runduna, yaƙi za ku?"

Na ce, "Inna Borghild, ina Kawu?"

"Tun shida na ji injinsa. Ya yi lodin kaya kamar mai ƙaura, na tambaye shi ina zuwa, ya ce wajen da ba a tambaya. Ba ki san kawunki ba? Shi da mutane sai daga nesa."

Baiwar Allah nan ita ta rufa mini asiri. Ta buɗe ɗakinta, ta dafa gahawa tukunya uku, ta yanka duk burodin da ke gidan da cukun akuya. Baƙi suka ji daɗi, sun ɗauka haka aka shirya. Ɗan Kanadan nan ne kawai ya matso ya ce a hankali, "Kawun naki fa?" Na ce masa kifi ya kira shi. Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Da la'asar muka zagaya bayan tsibiri. Kyaftin ya kira ni ya ce teku lafiya lau, in ina so a sauke kwalekwale a Sandvika, a sauke. Na ce a'a, ba komai a can sai dutse da ciyawa. Raina a ɓace yake, ba na son in taka wurin. Na ɗauki lasifika na ba da labarin kogon daga saman jirgi, kamar kullum, suka tafa kamar kullum. Wasu masu kwana a tanti ma sun hura wuta a gaɓar, ɗayansu yana ta kaɗa mana jar riga. Na ce wa baƙi su mayar masa da gaisuwa, duk jirgin ya ɗaga hannu. Ko baƙon da bai san ni ba ya fi ka murnar ganina.

Da ka ce mini a'a tun farko, da na fahimta. Abin da ban gane ba shi ne ka ce in zo, sannan ka gudu. In don shekara biyun nan ne, to ka rama, na kuma ji a jikina.

Jorid

A cikin jirgi, 8 ga Agusta

Kawu Oddvar,

Ina gaishe ka, kuma wannan karon da gaske nake tambayar lafiyarka. Mako shida ba amsa. Na ɗauka fushi ne, na ce to mu gani wa zai riga gajiya. Jiya na kasa haƙuri na kira Borghild, sai da na matsa mata ta faɗa mini cewa ka yi mako uku a asibiti da ciwon huhu, kuma ka ce in ta gaya mini ba kai ba ita. Ta ce ranar da muka zo, a jiƙe sharkaf ka dawo, kana rawar sanyi, ka ƙi faɗin inda ka je.

Kawu, ni ina can ina zazzaga maka magana a takarda, kai kana kwance ana ƙara maka iska. Ka yafe mini wasiƙar nan. Ko layi biyu ne ka rubuto. Ina ka je ranar?

'Yarka,
Jorid

Ramsøy, 21 ga Agusta

Jorid,

Ina amsawa. Na samu sauƙi, numfashi ya dawo, sai dai in na hau tudun coci sai na tsaya sau biyu. Likita ta ce in daina fita teku ni kaɗai. Na ce mata to.

Wasiƙarki ta faɗan nan tana kan tebur ina asibiti, sai da na dawo na karanta. Da na karanta ta a kan lokaci, da mun rage wa juna wahala.

Kin tambayi inda na je. Gida na je, inda na ce miki zan jira ku. Shekara sittin da biyu ina kwana a akwatin nan da gwamnati ta gina mana bayan yaƙi, kin taɓa jin na kira shi gida? Ko uwarki? In ɗayanmu ya ce gida, Sandvika yake nufi. Ban taɓa tunanin ba ki sani ba. Yanzu na gane laifinmu ne, ba ma faɗin kalmar a gabanku.

Na soya waina sittin da hannuna, goma sun ƙone. Na sayi kofunan takarda. Na ɗauki babbar tukunyar gahawa da itace, na isa tun bakwai, na share harsashin ɗakin Baba don mutanenki su samu wurin zama. Ƙarfe huɗu jirginku ya ɓullo ta bayan dutse, fari fat, ya fi cocinmu tsayi. Na ƙara ɗanyen itace don hayaƙi ya tashi. Na cire rigata ta ruwa ina kaɗawa. Sai na ga duk jirgin ya ɗaga mini hannu, na ce to ga su nan, na juya na fara zuba gahawa a kofuna. Da na ɗago, jirgin bai rage gudu ba.

Mai jar rigar nan ni ne, 'yata. Na ɗauka kin gane ni, kika ga tsoho da baƙar tukunya, kika ji nauyin nuna shi. Da wannan tunanin na zauna har ruwan sama ya sauko, da shi na kwanta asibiti. Takalmi kuwa, na hawan dutse nake nufi.

Muryarki ta iso ni a kan ruwa, tar. Shekara tara na yi a jiragen dakon kaya, Turancina bai mutu ba. Na ji kin ce goma sha ɗaya suka shiga, goma sha ɗaya suka fito. Na ji tafi.

Mu goma sha biyu ne. Muna da ƙanwa, Aslaug, watanta biyu da muka hau dutsen. Baba ne ya yi mata baftisma da kansa da ruwan kwano, sunanta bai shiga littafin coci ba. Tsoro da yunwa suka ƙafar da nonon Inna tun makon farko. Akuya ɗaya muka tsira da ita, sojoji sun harbe sauran dabbobi, nononta ake ɗiga wa jaririyar da tsumma. Ni aka ba kiwonta, ina da shekara bakwai. Kullum in rana ta ɗan yi haske nakan fito da ita in ɗaure a jikin wani ɗan itace ta ci gansakuka. Wata rana na ɗaure ta na koma ciki in ɗumama hannu. Da na fito, ba akuya ba igiya, na ce ƙullina ne ya kwance. Kwana biyu Baba yana nema, ya same ta a ƙasan kwazazzabo, ta faɗo.

An gwada ruwan kifi, an gwada gari da ruwa. Kwana tara Aslaug ta yi. Kukanta ya yi ta raguwa har ya zama kamar na ɗan kyanwa, sannan ya tsaya.

Baba bai doke ni ba. Da ya doke ni da ya fi mini. Kallo ɗaya ya yi mini, har ya mutu bai ta da maganar ba. Ya binne ta a gefen rafi ƙasa da kogon, ya tara duwatsu don dila. Uwarki shekararta biyar lokacin, na tabbata ba ta riƙe komai ba. Ta girma tana jin ana cewa goma sha ɗaya, ni kuma ban ga dalilin ɗora mata kayan da ba nata ba.

Kowane bazara nakan hau in gyara duwatsun. Shekara goma sha biyu ke nan gwiwa ta hana ni. In na mutu, ba wanda ya san akwai mutum a wurin. Abin da zan nuna miki ke nan.

Kawunki,
Oddvar

Bodø, 30 ga Agusta

Kawu,

Na gode Allah da ka samu sauƙi. Ni ba zan ce lafiya nake ba.

Na je wajen mai ɗaukar hoton jirgi na ce ya buɗe mini na ranar. Ya yi ta faɗaɗa ɗaya har ka fito. Ga ka nan tsaye, riga a sama, ga fararen kofuna jere a kan dutse. Na ƙirga su. 

Ban gane ka ba, Kawu. Da na gane ka, ko da iyo ne da na iso.

Tun da na karanta wasiƙarka ban sake ba da labarin kogon ba. In muka zo wurin, tsuntsaye nake yi musu bayani. Aiki zai ƙare ƙarshen Satumba. Zan zo ni kaɗai. Ni zan tuƙa, kai ka zauna ka ba da umarni, na san ka iya wannan.

'Yarka,
Jorid

Tromsø, 12 ga Oktoba

Kawu Oddvar,

Na iso lafiya, ina fata sanyin ranar bai tayar maka da tari ba. Ka riƙa shan maganin har ya ƙare, ba sai ka ji sauƙi ka ajiye ba.

Na yi maka ƙarya a Sandvika, shi ne dalilin wannan wasiƙa.

Ka tuna na bar ka a gaɓa wajen wuta, na bi rafi kamar yadda ka kwatanta, har dutsen da ya rabe biyu, na yi hagu. Na same ta ba wuya. Abin da ya fara ba ni mamaki, duwatsun ba su yi kama da waɗanda aka bari shekara goma sha biyu ba. Ba ɗaya da ya gangaro. Na durƙusa in cire ciyawa, sai hannuna ya taɓa leda a ƙarƙashin babban dutsen da ke wajen kai. Gwangwanin gahawa ne a ciki. Na buɗe, na ga safar jariri ta ulu guda biyu, da takarda a ninke.

Rubutun Mama ne. Ko a mafarki na san shi.

Na zauna a wurin ban san iya lokacin ba. Da na sauko ka ce, "Kin same ta?" Na ce na same ta. Ka ce, "Duwatsun suna nan?" Na ce suna nan. Ka ce, "Ba wani abu?" Na ce ba komai. Takardar tana aljihuna a lokacin. Na dubi fuskarka, na ga yadda ka saki ajiyar zuciya ka miƙo mini waina, sai na karɓa na ci. Kwana uku na ƙara a wajenka ina neman ta inda zan fara.

Ranar da zan taho na tambayi Borghild. Ta goge hannu ta zauna. Ta ce duk watan Agusta in Mama ta zo hutu, marigayi mijinta yakan kai ta bayan tsibiri da sunan tsinkar 'ya'yan itace, ya jira ta a kwalekwale. Shekara da shekaru. "Ta ce kada Oddvar ya ji, ban kuwa bari ya ji ba. Sai ki gaya masa, mai bakin jirgin wasiƙa ma takan iya yin shiru."

Ga takardar na sa maka a ciki, amma bari in kwafe ta da manyan haruffa saboda idonka.

"Aslaug, ni ce Solfrid, yayarki. Ni na kwance akuyar. Akuyar kuka take yi, na ce ƙishi take ji, na kwance ta in kai ta rafi, ta fizge igiyar daga hannuna. Na ga kallon da Baba ya yi wa Oddvar, na yi shiru. Har yau shiru nake. Duk lokacin da na buɗe baki sai in ga kamar ya manta, in ce kada in tono masa. Ki yafe mini. Ga safa, can akwai sanyi."

Ban san ko daidai na yi da na aiko maka ba. Ba kai ta rubuta wa ba. Amma na kasa barin ka da abin da ba naka ba ko da na kwana ɗaya ne a kan waɗanda suka wuce.

'Yarka,
Jorid

Ramsøy, 6 ga Nuwamba

Jorid 'yata,

Ina gaisuwa. Lafiya lau, maganin ya ƙare, na shanye shi duka. Rana ta kusa yi mana sallama, yanzu ɗan leƙowa kawai take yi ta kan dutse. Ƙanƙarar fari ta sauka ranar Talata.

Daidai kika yi. Na daɗe ban amsa ba don ban san wane ne zai riƙe biron ba, mai fushi ko ɗayan.

Kwana takwas na yi ina fushi da uwarki. Rana ta tara na hau tudun coci na tsaya a kan kabarinta, na yi mata faɗa da ƙarfi kamar tana ji. Na ce Solfrid, shekara sittin da biyar muna cin abinci a tebur ɗaya, kina kallona. Na faɗi abubuwan da ba zan rubuta ba. Da na gaji na zauna a kan shinge. Sai na daina ganin tsohuwar da muka binne. Yarinya na gani, 'yar shekara biyar, da hular Baba har hanci, igiya tana zamewa daga hannunta. Akuya ce ta ji tana kuka ta tausaya mata. Shi ke nan laifinta. Ni ma da na buɗe baki sau ɗaya na ce Solfrid, kin tuna Aslaug, da ta samu ƙofa. Kowa ya zauna yana gadin ɗan'uwansa.

Na je na ba Borghild haƙuri. Ta ce in rubuta a takarda ta manna a bango.

Takardar ta mai ita ce. In bazara ta yi za ki hau ki mayar, tare da safar. Na yi magana da fasto, ya ce za a iya sa sunan Aslaug a jikin dutsen kabarin Inna da Baba. Abin da za ki riƙa gaya wa baƙinki kuwa, wannan tsakaninki da bakinki ne.

Akwai abin da ba ki sani ba. Duk jirgin da na yi aiki a cikinsa, tsiya ake mini saboda ƙulli. Ba na ɗaure igiya sau ɗaya. In na ɗaure sai na ƙara na biyu a kai, in ja, in dawo in duba. Wani kyaftin ya taɓa cewa in aka bar ni sai na ɗaure teku a jikin kwata. Ban taɓa gaya wa kowa dalili ba. Ashe ƙullina na ranar nan bai kwance ba, Jorid. Yaro ɗan shekara bakwai, hannu a daskare, ya ɗaure shi da kyau.

Jiya na sauka duba kwalekwale. Na kwance shi, na sake ɗaurewa, ƙulli ɗaya, na juya na kama hanya ban waiwaya ba. Na kai ƙofar shago, ƙafata ta ƙi gaba. Na koma na ƙara na biyun.

Amma sai da na kai shago. Gobe zan gwada in kai coci.

Kawunki,
Oddvar